Motar da Baffa Likita Yake Kaiwa Kiwo

Ɓarawo aka ce mini. A ƙofar masallacin layinmu a Takur, bayan sallar la'asar, mutane ba su gama watsewa ba, Barista Nasiru ya nuna ni da makulli ya ce na sace batirin motar ubansa. Nasiru ɗan baffana ne, ni na koya masa hawan keke, ni na riƙa raka shi makaranta ana dukansa ina rama masa. Ranar ko Yaya bai ce ba. Hamisu ya ce, gatsau. Shekara goma sha biyu ina tuƙa motar nan, ko goron da Baffa yake mantawa a aljihun ƙofa ban taɓa ci ba sai na tambaya.

Tunda maganar ta zaga gari, kowa ya ƙara mata gishirinsa, gara ku ji ta daga bakina. Amma ba za ta fahimtu ba sai mun tuna wane ne Baffa Likita.

Duk wanda ya zauna a Takur ya san abin da Baffa yake yi in an fito sallar asuba. Mutane suna komawa shimfiɗa, shi sai ya nufi rumfar mota da carbi a hannu. Ya dafa bayanta, ya shafa gefenta tun daga baya har goshi, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ko ta zubar da wani abu, sannan ya miƙe ya ce, "A waali jam?" Da Fulatanci yake tambayarta ko ta kwana lafiya. Goggo matarsa ta ce shekara arba'in suna tare bai taɓa tambayarta kwana da wannan muryar ba.

Aikin malamin dabbobi ya yi har ya yi ritaya, shi ya sa ake ce masa Likita. Da ya ajiye aiki ya ce zai sayi mota ɗaya, daga ita ba ƙari. Muka je Kano, idonsa ya faɗa kan wata farar jif 'yar Kwatano, haibirid ɗin nan mai aiki da fetur da batir. A lokacin ba ka ganin irinta a Dutse. Kowa ya hana shi. Bakanikai suka ce ba mai iya gyaranta. Abokinsa Alhaji Sabo mai taki ya ce firiji ce aka sa wa taya. Baffa ya sa mai sayarwar ya yi masa bayani har sau uku: in an taka birki ko ana gangara sai ta tara wuta a wani babban batir da ke ƙarƙashin kujerar baya, in an shiga cunkoso ta kashe inji ta yi tafiya da abin da ta tara.

Baffa ya ce, "Wato ta ci ta ajiye, in ta samu natsuwa ta dawo da shi ta sake ci."

"Kusan haka ne, Alhaji."

"To ai saniya ce. Me ya hana ka faɗa tun farko, ka bar ni a tsaye cikin rana?"

Nan take ya sa mata suna Bunaji, sunan fararen shanunmu. Ni kuma ya ɗauke ni direba. Kada wani ya ɗauka yabo ne. A gaban Goggo ya ce duk dangi ni kaɗai ne ban san komai ba, aji uku na sakandare na tsaya, saboda haka kaina da sauran wuri, za a iya zuba abu.

Dokarsa ta farko ita ce kiwo. Mai sayarwar ya gaya masa irin wannan motar zama ne yake kashe ta, shi kuma ya riƙe maganar kamar ya haddace ta a allo. Kullum sai Bunaji ta fita, ko ba inda za a je. Mu tashi daga Takur, mu kai Shuwarin, mu juyo. Ana ruwa mu je, ranar Sallah mu je. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ni, ya aiko a gaya mini in na mutu in sanar da shi da wuri ya nemi wani, in ban mutu ba yana jirana a rumfa. Doka ta biyu, ba gudu. Allura tana kusantar tamanin zai fara tari. In ban rage ba ya ce, "Hamisu, kura ce ta biyo mu?" Man bumburutu na cikin kwalba kuwa ko warinsa ba ta taɓa ji ba. Baƙin mai ma shi yake sayowa da kansa, ya zauna a kan benci yana kallon bakanike yana zubawa, kamar ana yi wa jikansa kaciya.

Wata ranar kasuwar Aujara muka je zai duba wa wani ɗan'uwa bijimi. Muna shiga cikin jama'a Bunaji ta kashe inji yadda ta saba, tana silalawa shiru. Wani mai sayar da igiya ya ga mota tana rarrafe ba ƙara, ya ɗaga murya ya ce motar Alhaji ta mutu, a zo a taimaka. Kafin in buɗe baki ƙarta wajen takwas sun dafa ta.

Na ce, "Baffa, bari in gaya musu lafiyarta ƙalau."

Ya riƙe mini hannu. "Cire ƙafarka daga totur."

"Tura mu fa suke yi, Baffa."

"Lada suke nema. Kai wane ne da za ka hana Musulmi lada?"

Haka suka tura mu tun daga 'yan igiya har cikin kara inda ake sayar da shanu. Suna gumi, Baffa yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Da muka isa ya sauko ya yi musu addu'a mai tsawo, ya ciro goro biyu ya fasa gida takwas ya raba musu. Da ya gama duba bijimin muka shiga, na danna, ta wuce ta gabansu sumul, ba ƙara ba hayaƙi. Ina jin mai igiyar yana tambayar na kusa da shi, "To yanzu kuma wa yake tura su?"

A shekararta ta takwas wata jar fitila ta kama a gaban sitiyari, ƙarfinta ya ragu. Wannan ce rashin lafiya ɗaya da ta taɓa yi a hannuna, banda taya da birki da kowace mota take ci. Wani bakanike a cikin gari ya leƙa ya ce babban batir ya gama, a kwance shi a zubar, ko a sayar da motar kafin labari ya fita. 'Yan majalisa suka fara murna, Alhaji Sabo har gida ya zo yi wa Baffa jaje yana danne dariya. Washegari muka lallaɓa da ita Kano, wajen wani mai gyaran irinta kaɗai. Aka buɗe batirin, ashe ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙanana ne jere a ciki kamar sinƙin burodi. Mai gyaran ya ce ya fi sauƙi a canza duka.

Baffa ya ce, "Su nawa ne ba su da lafiya?"

"Sai an auna, Alhaji, kuma aiki ne."

"Ni shanu ɗari na sha yi wa allura a wuni guda, ɗaya bayan ɗaya, suna harbina. Auna."

Kwana uku muka yi a Kano. Baffa ya shimfiɗa darduma a bakin garejin, duk wanda aka auna sai an kawo ya gani. Biyu aka samu sun gaza. Aka canza su, aka wanke wata fanka da ke sanyaya batirin, wadda ƙura da gashin akuya suka toshe. Mai gyaran ya nuna masa wata 'yar raga a gefen kujerar baya, ya ce ta nan take shaƙar iska, kada a bari komai ya rufe ta. Baffa ya ce, "Hancinta ke nan." Daga ranar duk Juma'a kafin ya yi wanka sai ya goge hancin da tsohon burushin haƙori. Muna dawowa Dutse ya ce in tsaya a majalisa. Ya sauke gilashi ya ce, "Sabo, saboda shanu biyu suna tari ka so in yanka garke. Allah ya sa ba kai aka ba aikina ba."

Ranar Baffa ta gaske sai da aka cire tallafin mai ta zo. Manyan jif-jif ɗin Takur suka kwanta a ƙofar gidaje, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsu. Alhazai masu tumbi suka koma bayan ɗan acaɓa suna riƙe hula. Mu kuwa mu je Kafin Hausa mu dawo, allurar mai ta ɗan gyara zama kawai. Ana haka aka sa ɗaurin aure a Kafin Hausa, sai ga Alhaji Sabo da sassafe, ya sha babbar riga mai sitaci har tana ƙara.

"Likita, ko da wuri a motarka?"

"Wace mota? Ni ba ni da mota."

"Haba Likita."

"Me ka ce sunanta?"

Alhaji Sabo ya duba hagu ya duba dama, ya ce ƙasa-ƙasa, "Firiji."

"To gaishe ta."

Wallahi da idona na ga mutum mai shago huɗu ya dafa bonet ya ce, "Ina kwana, Bunaji." Ya shiga baya ya baje riga. Ba mu kai Shuwarin ba Baffa ya juya ya ce, "Sabo, tattara rigarka, ka toshe mata hanci."

"Yanzu ni zan takura saboda mota?"

"Kai hancinka ƙofa biyu ne. Ita ɗaya gare ta."

Haka ya je Kafin Hausa rungume da rigarsa a cinya kamar mai jego.

Ba zan ce muku Baffa mutum ne mai sauƙi ba. Shekara goma sha biyu bai taɓa ce mini sannu da tuƙi ba. Amma bai taɓa ƙirga canji a gabana ba, kuma makullin motar a ɗakina yake kwana. Da ciwo ya kwantar da shi, 'ya'yansa suna Abuja da Kaduna suna bugo waya, ni da Bunaji muke kai shi asibiti. In na shiga gaishe shi da safe ba ya tambayar iyalina. Ido a rufe zai ce, "An kai ta kiwo?" In ce an kai. Ya ce, "Madalla," ya juya bango. Ranar da ya rasu ma na kai ta, don ban san me zan yi da hannuwana ba.

Ranar addu'ar uku Barista ya karɓi makulli. Na ce masa, "Nasiru, motar nan ba ta zama. Ka bar ni in riƙa zagayawa da ita ko sau biyu a sati, ka sa wanda ka yarda da shi a gefena."

Ya ce, "Dukiyar magada ce. Ko tsinke ba wanda zai taɓa sai Inna ta fita takaba an yi rabo."

Na je wajen Liman. Ya ce maganar Barista tana kan hanya, kayan mamaci ba a amfani da su kafin rabo, kuma mota ai ba ta da rai, ba za ta ji yunwa ba. Ban ga laifin Liman ba, shi babur yake hawa. Aka ja tamfol aka lulluɓe ta. Wata huɗu da kwana goma ina wucewa ta gefen rumfar ina kawar da kai.

Da Goggo ta fita takaba Barista ya zo shirin rabo. Ya danna makulli, ba ta amsa ba. Ya buɗe ƙofa da ƙaramin makullin ƙarfe, ya danna maɓalli, ko fitila ba ta kama ba. Ya kira wani mai gyaran adaidaita na bakin titi, suka ɗaga bonet, suka duba dama suka duba hagu, ba su ga batir ba. Shi ke nan aka yanke mini hukunci. Da ya faɗi abin da ya faɗa a ƙofar masallaci na ce masa ƙaramin batirin da ke tayar da ita ba a gaba yake ba, yana baya a cikin but, kuma zaman da aka sa ta yi ne ya shanye shi. Aka bushe da dariya. Wani ya ce gobe zan ce injin yana aljihuna. Na ce a ba ni makulli in nuna. Barista ya ce motar ta zama shaida, ba a ba wanda ake zargi shaida. Ya sa rana sati biyu, lokacin da sauran 'yan'uwansa za su iso, ya koma Abuja da makullin.

Sati biyun nan na san mutanen Takur. Wani ɗan kasuwa da ya yi alkawarin ba ni bas in riƙa jigilar Kafin Hausa ya aiko cewa in dakata tukuna. In na zo majalisa sai wani ya tashi ya je ya duba baburinsa, wai wasa. Matata ta daina shiga gidan suna. Direba ba shi da takardar digiri da zai nuna. In aka ce yana cire kayan mota, ya gama aiki a garin nan, sai dai ya koma dako.

Ranar rabo, Asabar ce, bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman yana nan, dattawan layi suna nan, Alhaji Sabo ma ya zo. Aka zo kan mota, Barista ya fara Turanci yana cewa za a rubuta ta a matsayin wadda aka lalata. Na sake neman makulli, ya sake hanawa. Sai muryar Goggo ta fito daga cikin zaure.

"Nasiru."

"Na'am, Inna."

"Ba yayanka makulli."

"Inna, a ƙa'ida..."

"Ban haifi ƙa'ida ba, kai na haifa. Ba shi."

Na yaye tamfol. But ɗin ba ya buɗuwa in ba wuta, dole na shiga ta ƙofar baya, na kwantar da kujera, na rarrafa da tumbina ina nishi, har wandona ya yage, kuma ban damu ba. Na ɓalle wani murfi a gefen dama, na ce, "Barista, leƙo." Ya leƙo. Ga batir a zaune, ƙura ta rufe shi.

Ya ce, "Wa ya sani ko wani aka sayo aka sa?"

Na sa hannun riga na goge ƙurar. Baffa ba ya sayen abu bai yi masa shaida ba, yadda ake yi wa shanu. A jikin batirin da farin fenti ga sunan Bunaji da ajami, da wannan karkataccen rubutun nasa da duk 'ya'yansa suka sani. Liman ya sa tabarau ya karanta da ƙarfi. Alhaji Sabo ya ce, "Hannun Likita ne. Ko a kabari aka nuna mini zan gane shi."

Na ce a matso da motar Barista. Na ɗauko wayoyin jan wuta inda Baffa yake ajiye su, na haɗa batirinsa da nata ta wani wuri da aka tanada a cikin bonet. Na bar ta ta sha na ɗan lokaci, na zauna a kujerata, na taka birki, na danna. Koren rubutu ya fito. Jim kaɗan inji ya yi gyaran murya ya kama, lafiya lau, kamar jiya aka ajiye ta. Motar da aka ce ba za ta yi shekara biyu a Jigawa ba.

A nan ne abin ya zo mini. Kujerar gefena tana nan a kwance yadda ya bar ta saboda bayansa, ƙamshin turarensa bai fita ba. Na kifa kai a sitiyari. Allah ya jiƙan Baffa Likita. Ya riƙe dabba da amana, ya riƙe ƙarfe da amana, ya riƙe ni ma, ko da yake da tsawa. Allah ya shimfiɗa masa inuwa mai sanyi, ya yafe masa turin da ya sa bayin Allah suka yi a Aujara.

Ina ɗagowa Barista yana jikin taga. Ya sunkuyo ya ce a hankali, yadda ba wanda zai ji, "Yaya Hamisu, kuskure aka samu. A yi haƙuri."

Ana kiran la'asar. Na ce, "Shiga."

Ya shiga. Na fito da ita daga rumfa, na bi layi a hankali, mutane suna fitowa daga shaguna suna kallo, na tsaya daidai ƙofar masallaci inda ake alwala. Waɗanda suke wurin sun ji yadda ya tashi ya wanke ni daga sata bayan an sallame, kuma ɗan kasuwar nan a sahun gaba yake, dare bai yi ba ya aiko da makullin bas. Abin da ba ku ji ba shi ne wanda na gaya masa kafin ya sauka. Na kashe mota, na ɗora masa makulli a tafin hannu, na dube shi ido cikin ido.

Na ce, "Nasiru, haƙurin da ka ba ni ni da mota kaɗai muka ji, ita kuma ba ta magana. Ɓarawo kuwa da ƙarfi ka faɗa, har masu alwala sai da suka juyo. Ba ni da ko cokali a gadon Baffa, kuma ban nema ba. Ku raba gidan, ku raba shanun, ku raba motar in za ta rabu. Abu ɗaya ka haɗa da kayan magada wanda ba na ubanka ba ne, shi ne sunana. Sauka ka dawo mini da shi, yanzu, ina tsaye."